Ku Tambayi Baba Mai Awo: awon igiya, kududdufin da aka cike, da rigimar gonar gado

Assalamu alaikum masu karatu. Watan nan saƙonni sun taru sosai, kuma kusan duk akan fili ne da ruwan sama, dama damina ce kowa abinda ya hana shi barci shi ke bakinsa. Na ɗebo biyar, sauran ku yi haƙuri sai wata na gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Baba barka da aiki. Ni matashi ne ina ɗinki a Fagge, shekara huɗu kenan ina tari, yanzu wani dillali ya kai ni can bayan Ɗanbare ya nuna min fili hamsin-hamsin, awon igiya ne, wato wanda mai gona ya yanka da kansa ba gwamnati ba, amma kuɗin ko rabin na awon gwamnati bai kai ba. Abinda ya ɗan tsaya min a rai shine lungun da ya bi ta gaban filin, na auna da ƙafata taku uku ne da ɗan ɗoriya, dillalin yace kar na damu kowa haka yake siya, in unguwa ta cika gwamnati zata zo ta gyara. Dan Allah in siya ko in haƙura? Daga wani tela, Fagge.

AMSA: Ɗana Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka auna lungun, da yawa kusurwar filinsu kawai suke kallo su biya su tafi. Taku uku da ɗoriya wajen ƙafa goma kenan, toh bari na gaya maka abinda zai sami ƙafa goman nan nan da shekara biyar. Na hagu zai fito da dakali, na dama zai ɗora matattakala saboda ya ɗaga gininsa kar ruwa ya shigo masa, wani zai haƙa ramin sokawe a waje dan cikin gidansa ba wuri, a kafa turken wuta, sai kwata ta bi ta tsakiya tunda ba'a bar mata gefe ba, ka lissafa da kanka me ya rage. Ƙaramar mota faɗinta wajen ƙafa shida ne, motar kashe gobara kuwa ta kai takwas.

Da idona na gani a wata unguwa da ba sai na faɗi sunanta ba, muna jana'izar wata tsohuwa, an fito da makara daga soro ta ƙi juyuwa a kwanar lungun, sai da aka ɗaga ta sama da kai aka karkata ta mutane na ta salati, ɗanta yana tsaye yana kuka yana cewa a bi da ita a hankali. Mutumin nan shi da kansa ya ci ƙafa biyu na lungun lokacin da yake katanga, kuma ba mugu bane wallahi, gani ya yi kowa ya ci shima ya ci. A lungun nan dai mace in naƙuda ta kama ta cikin dare sai an rirriƙo ta har bakin titi dan adaidaita sahu bata shiga.

Ka san me yasa mai gona yake matse hanya? Lissafi ne kawai. Eka ɗaya ƙafa 43,560 ce murabba'i, hamsin-hamsin kuma 2,500, kaga eka zata ba da fuloti 17 in ba'a bar hanya ko ɗaya ba. In aka fitar da titi na mutunci da magudanar ruwa sai ta dawo wajen 12 ko 13. Fuloti huɗu ko biyar ɗin nan su ne mai gona da dillali basa son rasawa, shikenan sai a karɓe su daga hannun jikokinka da ba'a haifa ba tukuna, su kuma basa wurin balle su yi gardama.

Batun wai gwamnati zata zo ta gyara, eh tana zuwa, amma da jan fentin alamar rusau take zuwa. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ƙasar birni tana hannun gwamna ne, in aka karɓi wuri dan aikin jama'a diyyar akan abinda ka gina ko ka shuka ake lissafa ta, kuma wanda takardarsa ta tsaya kan sa hannun mai unguwa da shaidu biyu shi yafi kowa shan wuya wajen bin haƙƙinsa. Dillalin da yace kar ka damu ranar ya daɗe da cin la'adarsa.

Ban ce duk awon igiya a guje shi ba, ƙarya ne in faɗi haka, yawancin sababbin unguwannin Kano da igiya aka yanka su, talaka ina zai sami kuɗin awon gwamnati. Amma akwai igiya akwai igiya. Nemi wanda lungunsa ya kai ƙafa talatin, in ya matse sosai ashirin, kuma lungun ya ɓulle wani titin ba wanda ya mutu a bangon wani ba. Ka je wurin ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ba ranar da dillali ya zaɓa ba, ka tsaya ka ga inda ruwan ya nufa. Ka ɗaga kai ka duba ko babbar wayar wuta ta bi ta sama. Sannan ka je KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, da ma'aikatar ƙasa ka tambaya ko akwai titi ko wani aiki da aka shata ta wurin. Wannan na taku ukun kuwa ni dai da ɗana na cikina ne zan ce ya haƙura, araha bata ado.

TAMBAYA: Baba ina wuni. Ni a cikin gari nake, gidanmu na gado ne tun kakan mijina, bamu taɓa sanin ruwa ya shigo mana ɗaki ba sai 'yan shekarun nan, yanzu da hadari ya haɗo sai mu fara ɗora katifu kan drom. Tsofaffin unguwa sunce tunda aka cike kududdufin bayanmu aka yi shaguna abin ya fara, mijina kuma yace ba ruwan kududdufi, leda ce ta toshe kwata. Wa ya fi gaskiya? Daga uwar yara biyar, cikin Badala.

AMSA: Hajiya sannu da fama, Allah ya kawo sauƙi. Maigida bai yi ƙarya ba leda tana nata, amma tsofaffin sun fi shi gaskiya, ki gaya masa a hankali kar ace Baba ya haɗa faɗa.

Kududdufan cikin gari ba haka kawai suka faɗo ba. Mutanen da da ƙasa suke gini, inda aka ɗebi ƙasar tubali nan yake zama rami, ramin nan kuma sai ya zama tulun unguwa, in aka yi ruwa duk lungunan nan suke juyewa ya kwanta yana tsotsewa ƙasa a hankali, abinda ya yi yawa ya gangara rafin Jakara. Shi yasa rijiyoyin cikin gari a da basa saurin ƙafewa, kududdufin ne yake shayar da su ta ƙasa. Yanzu an cike tulun da bola da ɓaraguzai an ɗora kankare, kowane gida ya yi rufin kwano ya shafe tsakar gida da siminti, ɗigo ɗaya baya shiga ƙasa, toh ina kike so ruwan ya je? Inda ya saba zuwa nan zai nufa, in ya tarar da shago sai ya nemi gidan da yafi kwari, naku kenan.

Kuma ba talaka kaɗai abin yake ci ba. A watan Agustan 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa atamfa da shadda ta maƙudan kuɗi, kowa ya ga hotunan, kuma maganar da aka yi ta yi a lokacin itace gine-ginen da aka ɗora akan hanyar ruwa. Wurin da sunansa ma kwari, ai sunan kaɗai ya isa gargaɗi.

Na san za'a ce min kududdufi ƙazanta ne, sauro ne, yara na faɗawa ciki. Gaskiya ne, ni kaina a unguwarmu mun rasa yaro a kududdufi ina ƙarami, har yau ina tuna kukan uwarsa. Amma maganin wannan a yashe shi a kewaye shi a hana zuba shara a dasa bishiyoyi a gefe, ba a sayar da shi ba. In kuwa dole sai an cike, toh a fara gina magudanar da zata ɗauki ruwan da yake ɗauka kafin a zuba tifa ta farko. Ku yanzu aikin gama ya gama, abinda ya rage ku haɗu da mai unguwa da masu shagunan, tunda su suka ci wurin su yafi kamata su sa hannu a aljihu, a fitar da babbar kwata mai murfi har inda zata haɗu da ta bakin titi. In da sauran wani kududdufi a kusa da ku ku sa masa ido kamar kuɗin adashi.

TAMBAYA: Malam ni ɗalibi ne a Jami'ar Bayero. Gaskiya ina ganin duk maganar tsara birni a Kano ɓata baki ne, garin nan tun asali ba'a tsara shi ba, lungu ne kan lungu. Ba gara a bar tsohon gari a je a gina sabo ba kamar Abuja?

AMSA: Kai ɗan samari, wa ya gaya maka? Zo mu zauna.

Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwa, sarakunan bayansa suka yi ta ƙara ta, Muhammadu Rumfa da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499 ya faɗaɗa ta, ya kafa kasuwar Kurmi, ya gina gidan sarkin da har yau ake ciki. Abinda nake so ka lura da shi ba tsayin ganuwar bane, faɗin abinda ta kewaye ne. Ba iya gidajen da ke akwai suka zagaye ba, sun haɗa da Dala da Goron Dutse da gonaki da makiyaya da fili fetal, saboda in an yi yaƙi an rufe ƙofofi a samu abin ci, mutanen karkara su sami wurin fakewa da dabbobinsu, in zuri'a ta ƙaru kuma ta sami inda zata yi gini. Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da ya zo Kano a 1851 ya hau Dala ya duba, ya tarar da babban ɓangare na cikin ganuwa ba gidaje sai gonaki da fili. Shekara ɗari uku da wani abu bayan Rumfa fa kenan, filin da aka bari bai ƙare ba. In wannan ba tsari bane ban san me ake kira tsari ba. Mu yau unguwa ko shekara goma bata yi sai ka rasa inda za'a kafa aji biyu.

Turawa da suka ci Kano a 1903 suma sun yi nasu, sai dai nasu na wariya ne, Nassarawa tasu da manyan filaye da inuwa, Sabon Gari na baƙin da jirgin ƙasa ya kawo, birni na 'yan ƙasa. Bayan 'yancin kai an yi babban tsari na shekara ashirin, 1963 zuwa 1983, wanda ake kira tsarin Trevallion da sunan Baturen da ya jagoranci aikin. Aka zo zamanin Audu Bako, 1967 zuwa 1975, mutumin da ya gina dam ɗin Tiga ana cewa ya cika ɓarnar kuɗi, yau ruwan da ke gangarowa daga can Kano take sha kuma da shi ake noman rani a Kadawa da Kura. Matsalar itace garin ya fi takarda gudu. A ƙidayar 2006 ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye, Municipal, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, sun kai mutum wajen miliyan 2.8, ka duba yadda aka ƙaru daga lokacin zuwa yau, kullum mai igiya yana riga mai taswira isa gona.

Sabon gari kuma ai an gwada, ga Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka gina tsakanin 2011 da 2015, tituna masu faɗi komai a shate, amma sun daɗe ba su cika ba, saboda mai sayar da kayan miya a 'Yankaba ko ɗan dako a Singa ba zai iya kuɗinsu ba kuma abincinsa yana cikin gari. Ba laifi bane a gina su, amma ba za su ɗauke wa Kurna da Dorayi da Rimin Kebe nauyinsu ba. Af, ka ma lura da sunayen nan? Kurna, Dorayi, Giginyu, Rimin Kebe, Tsamiyar Boka, duk sunan itatuwa ne, je ka nemo min inuwar da zaka tsaya a cikinsu da azahar a watan Afrilu.

TAMBAYA: Baba duk gadojin nan da ake yi, Ƙofar Nassarawa, Kabuga, Dangi, Hotoro, me yasa har yanzu cunkoso bai ƙare ba? Daga direban adaidaita sahu, Sheka.

AMSA: Ɗana kai da kake kan titi ka fi ni sani, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gada tana kwance ƙulli ɗaya ne ta tura shi gaba, ka sauka daga kanta da gudu ka tarar da shi yana jiranka a mahaɗa ta gaba. Muddin Kwari da Singa da Sabon Gari da Wambai da Kurmi duk suna cure a wuri ɗaya, kuma kowa daga Mariri da Panshekara da Bachirawa nan zai nufa da safe a 'yar adaidaita mai ɗaukar mutum uku ko huɗu, toh ko gada goma aka ƙara haka za'a yi ta yi. Manyan motocin haya masu lokaci da hanya tasu ake buƙata, kada ka ji haushina ku ma zaku samu aikin kai mutane daga lungu zuwa tasha, sannan a kai kasuwa da asibiti da makaranta kusa da inda mutane suke kwana.

TAMBAYA: Baba Allah ya ƙara girma. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gona eka shida a wajen Kumbotso, gari ya riga ya iso ta, mu goma sha ɗaya ne. Mun yarda a yanka a raba, sai babban yayanmu yace a fitar da titi mai faɗi, a ware fili na makabarta da na islamiyya. Ƙannenmu maza sun tada rigima wai ana so a cinye musu gado da sunan sadaka, har an daina gaisawa. Ni mace ce rabona dama rabi ne, amma ina bayan Yaya. Ya zamu yi? Daga wata 'yar'uwa, Gwale.

AMSA: 'Yata Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta. Ki gaida min Yayanku, irinsu ne suka yi ƙaranci.

Amma bari na fara da abinda ba zai yi muku daɗi ba, ƙannen naku suna da hujja ta wani gefen. Gado haƙƙin kowane magaji ne, ba'a yin sadaka da rabon wani sai da yardarsa, in akwai maraya ƙarami a ciki ma nasa ba'a taɓa shi sam. In marigayin bai yi wasiyya ba Yaya bashi da ikon tilasta kowa ya ba da makabarta, wannan ku tambayi malamin da zai raba muku zai faɗa muku haka. Dan haka ku raba maganar gida biyu, kar ku cakuɗa.

Titi ba sadaka bane, yana cikin gyaran kayan da za'a raba, fulotin da ba hanyar shiga ai ba fuloti bane. Hadisi ingantacce ne a Bukhari da Muslim cewa in an yi saɓani akan hanya a sanya ta kamu bakwai, wajen mita uku da rabi kenan, a zamanin da raƙumi da jaki ne abin hawa, toh ina ga yau da tifa da tankar ruwa. Kuma ku yi wa ƙannen naku magana da yaren da suke ji, wato kuɗi. Ku ɗauke su ku kai su unguwa biyu, ɗaya mai titin da mota biyu ke wucewa ɗaya mai lungun taku uku, su tambayi dillalan wurin farashi da bakinsu. Fuloti goma sha biyu a bakin titi mai kyau sau da yawa sun fi goma sha bakwai a cikin matsi kuɗi, su da kansu zasu dawo suna cewa a ƙara faɗin. Tun ran gini tun ran zane, in aka kafa bulo ko ƙafa ɗaya ba mai sake baku.

Akwai ma abinda mutane basa tunawa, ruwan sha. A hamsin-hamsin mutum zai haƙa rijiya ko bohal, maƙwabcinsa ya haƙa masai a jikin katangar, tsakaninsu ko taku biyar babu, alhali ma'aikatan lafiya suna cewa a bar aƙalla mita 15 wasu ma 30. Shi yasa taifot baya barin irin unguwannin nan. In kun ware ɗan wuri ɗaya a gefen tudu na bohal ɗin unguwa, nesa da ramuka, kun taimaki duk wanda zai zauna a wurin har da 'ya'yanku.

Makabarta da islamiyya kuwa na masu so ne. Ke da Yaya da duk wanda zuciyarsa ta yarda ku ce a haɗa muku rabonku a gefe ɗaya, sai ku yanki abinda zaku iya daga naku ku yi waƙafi da sunan mahaifinku. Makabarta tana son fili babba, abinda zaku iya bayarwa ku kaɗai ba lallai ya isa ba, dan haka ku je wajen dagaci a kira masu gonakin da ke maƙwabtaka da ku, dama suma yanka zasu yi yau ko gobe, kowa ya ba da kaɗan a jikin iyaka ɗaya sai ya taru ya zama abu. Ki duba yadda tsofaffin makabartun gari irin Ɗandolo suka cika, ki duba unguwanni nawa ne sababbi da sai an sa gawa a mota an yi tafiya kafin a sami inda za'a rufe ta.

Kuma dan Allah in kun yi kar ku bar shi a baki. Na sha ganin filin makaranta da aka bari da kyakkyawar niyya, dattijan da suka shaida suka mutu, bayan shekara goma sha biyar wani jika ya zo yace ai na kakansa ne ya sayar, ko a wayi gari an yanka gefensa an yi shaguna wai dan a samu na biyan malamai, daga shago uku sai goma. A kawo safiyo mai lasisi ya auna ya kafa duwatsu, a rubuta takardar waƙafi magada duk su sa hannu har waɗanda basu bayar ba, dagaci da hakimi su shaida, a kai ma'aikatar ƙasa a shigar, kofi ɗaya wurin limami ɗaya wurinki. Ko kuɗin katanga babu ku dasa darbejiya a jere akan iyakar tun daminar nan, ku sa yaro yana ba ta ruwa da rani, ku kewaye kowacce da ƙaya saboda awaki.

Batun gaisuwa kuma ke ce mace a tsakani, ki dafa abinci ranar Juma'a ki kira su duka gidan Yaya, kar a tada maganar gona sai an ci an sha. In kun tsai da ranar awo ki aiko min ta hannun edita, in ƙafata ta bar ni zan zo na riƙe muku bakin tef.